A Bar Mini Ɗaya

"Dee, zo ka ga aikin 'ya'yanka."

Stella ce ke magana daga ƙofar banɗaki, tana riƙe da ciki don dariya. Mijinta Dickson ya fito daga ɗaki da taye a wuya, ƙafa ɗaya da safa, ɗaya babu. Ga Justin a tsugune gaban famfo, ya buɗe shi har ƙarshe, ya tara takalmin ofis na babansa yana cika shi da ruwa. Kusa da shi Joanna ce, ta kama ɗaya takalmin tana goga masa sabulun wanka da iyakar ƙarfinta. 'Yan biyu ne, shekararsu biyu da 'yan watanni, kuma duk ɓarnar da ɗaya ya fara sai ɗaya ya ƙarasa ta.

"Muna wanke wa Dadi," in ji Joanna, tana washe haƙora.

Dickson ya ɗora hannu a ka. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Justin ya miƙo masa takalmin da hannu biyu, ruwa na zuba ta gefe, kamar mai miƙa kyauta. Faɗan ya ƙi fitowa. A ranar, da silifas ya fita, ya rataya takalman a bayan jaka don su bushe a hanya, Stella na biye da shi har bakin get tana dariya.

Ba su daɗe da tarewa a Sabon Tasha ba. Dickson malamin lissafi ne, a Kafanchan yake koyarwa kafin a yi masa canjin wurin aiki zuwa Kaduna. A can Kafanchan ɗin suka haɗu, cikin ƙungiyar mawaƙan coci, lokacin Stella na karatun aikin jinya. Bayan aure suka zauna a gidansu Dickson a Fadan Kaje, tare da mahaifiyarsa Mama Regina, wadda mijinta ya rasu tun Dickson na sakandare. Shi ne autanta. A bayanta 'yan biyun suka girma, domin da Stella ta koma makaranta ta ƙarasa karatu, Mama ce ke goya ɗaya ta rungumi ɗaya.

Yanzu ga su a ɗaki da falo cikin wani babban gidan haya, kuma komai na birnin sabo ne a idon Stella. Ruwa a cikin ɗaki. Titi ba ya hutawa. Ranar farko da ta je kasuwa ta sayi alayyahu da kuɗinta, sai da ta kira Dickson a waya tana dariya, wai ganyen da take tsinka a bayan gida yau ita ce ke cinikinsa. Yaran kuwa ba a magana. Duk keken da ya wuce sai sun ɗaga masa hannu. In aka kawo wuta, su ne ke fara ihun "Nefa" kafin sauran yaran gidan. Mai askirim ya gane su, in ya iso get sai ya ƙara matsa ƙahonsa. Ranar Asabar da Dickson ya kai su cikin gari, da suka hau gadar Kogin Kaduna Joanna ta manne fuska a taga tana cewa, "Ruwa babba," Justin kuma ya ce a tsaya zai yi wanka.

Wahala ma akwai ta. A Fadan Kaje yaro na da fili, yana da kaka, yana da maƙwabta da suka san sunan kakansa. A nan tsakar gida siminti ce, get kuma na kallon titi. Sau biyu Stella na tsintar Justin a bakin get yana ƙoƙarin bin mai rake. Duk da haka farin cikinta ya fi gajiyarta yawa, balle da wani ƙaramin asibiti a unguwar ya ce ta fara aiki bayan sabuwar shekara. Maƙwabciyarta Madam Hephzibah, mai shagon kayan masarufi a ƙofar gida, ta nuna mata gidan rainon yara da ke layin baya.

Ana gama haƙar citta Mama Regina ta iso.

Da keke napep ta sauka a ƙofar gida, da buhun acca, da doya, da galan ɗin zuma, da zakara ɗaure a kwali. 'Yan biyun suka ruga suna kiran "Kaka, Kaka," suka kusa kayar da ita. Kafin a shigar da kaya Justin ya kwance zakaran. Gidan ya hautsine, zakara na gudu, yara na binsa, Madam Hephzibah na tsalle da tsintsiya, Mama na dariya har da hawaye. Stella ta tsaya tana kallo, ranta fes. Ta yi kewar tsohuwar nan fiye da yadda ta zata.

Da yamma, bayan an ci tuwon acca, Mama ta wanke hannu ta dubi Stella.

"Maman Biyu, ki haɗa mini kayan Joanna da wuri. Ran Litinin za mu koma."

Stella ta yi murmushi, a zatonta wasa ne. "Ku koma ina, Mama?"

"Gida mana. Dickson bai gaya miki ba? Tun ranar da kuka taso na ce a bar mini ɗaya, ya ce in bari sai an gama citta. To, an gama."

Stella ta juya ta dubi mijinta. Dickson ya sunkuyar da kai yana jujjuya cokali a cikin kwano. Nan take ta gane ba wasa ba ne. Ta tattara kwanuka ta shige kicin, ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Washegari da safe Dickson ya same ta a bayan gida tana shanya kayan yara.

"Stel, plis, ki saurare ni."

"Ina jin ka."

"Ranar da muke loda kaya, kina ciki ba ki gani ba. Mama ta zauna a ƙasa gaban motar tana kuka, ta ce mun kwashe mata kowa. Ban san abin da zan ce ba. Na faɗi haka ne kawai don ta tashi. Na ɗauka za ta manta."

"Mama ta taɓa manta abu?" Stella ta yarfe rigar da ke hannunta da ƙarfi. "Ka yi kyauta da 'yata, Dickson, ba ka ko tambaye ni ba. Kullum muna cin abinci a kwano ɗaya, kana kallon idona, ka kasa faɗa mini."

"Na ji tsoro ne. Na ga yadda kike murna da zuwanmu nan, ban so in ɓata miki ba."

"To yanzu ka gyara?"

Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. "Sori. Zan je in gaya mata ba zai yiwu ba."

"Ka gaya mata me? Cewa matarka ta hana? Gobe duk Fadan Kaje su ji cewa Stella ta shiga birni ta raba uwa da ɗanta?" Ta ɗauki bokiti ta wuce shi.

Madam Hephzibah ta lura da idanunta da ta zo sayen sukari, ta ja ta cikin shago. Da ta ji labarin sai ta tafa hannu.

"Maman Biyu, wannan zamanin ya wuce. Ke kika yi naƙuda ko ita? In ni ce, in kulle ɗaki in sa makulli a zani. Ko ki kwashi yaranki ki tafi gidanku, in mijinki na son ku ya biyo ku. Abeg kar ki yarda."

Maganar ta shiga Stella. Har ta koma ɗaki ta ciro jaka daga ƙarƙashin gado, ta tsaya tana kallon ta. Ta taga ta hango Mama zaune a kan tabarma, Joanna a cinyarta tana tsefe mata kai, Justin ya kwanta a bayanta yana wasa da ɗankwalinta, tana rera musu waƙar gida da Jju, yarensu. Hannuwan tsohuwar duk sun tsage saboda aikin citta. Da waɗannan hannuwan ta riƙa dama musu kunu lokacin da Stella ke zaune a aji. Stella ta mayar da jakar inda take.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta yi wa Dickson rashin kunya ba, amma ba ta sake masa fuska ba. Ta ba shi abinci, ta goge masa riga, in ya kira ta "Stel" ta amsa da "Na'am, Baban Justin." Wannan ya fi masa zafi fiye da zagi. Ya sayo mata tsiren da take so, ta raba wa yara. Ya tsaya a ƙofar kicin ya fara rera waƙar da suka saba yi tare a ƙungiyar mawaƙa, yana jiran ta ɗauki muryarta ta sama kamar kullum. Ta ci gaba da yankan albasa. Shi kaɗai ya ƙarasa baitin, ya fita.

Ran Lahadi bayan sujada a coci, yara sun yi barcin rana, Dickson ya fita taron maza. Stella ta sami Mama a falo, ta durƙusa a gabanta.

"Mama, ina so in yi magana, in kin ba ni dama."

"Ki yi, ɗiyata."

"Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ba ta yarda ba. Yaran nan ba su taɓa kwana a rabe ba. Amma ke kika raine su, kina da hakki a kansu, kuma ba zan tsaya ina jayayya da ke a gidan haya mutane na kallo ba. In kin ce sai kin tafi da ita, zan haɗa kayan. Abin da nake roƙo kawai, ki duba da kyau."

Mama ta gyara zama ta dube ta.

"Kin san gidan nan da kuka bari?" ta ce. "Yara shida na haifa a cikinsa. Yanzu in na yi magana akuya ce ke amsa mini. In na dafa abinci sai in ga na jera kwanuka, babu mai ci. Ke kuma ga shi za ki fara aiki, ki kai su wurin baƙi su wuni. Jiya na yi wa Justin magana da yarenmu, ya amsa mini da Turanci. In na mutu wa zai san inda gonar kakansu take? Ba mugunta nake miki ba, Stella. Ɗaya kawai na roƙa. Ke kina da biyu."

Stella ta so ta ce biyun nan abu ɗaya ne, amma ta ga hawaye a idon tsohuwar, sai ta haɗiye. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ninke kayan Joanna ɗaya bayan ɗaya, tana addu'a a ranta: Ubangiji, kai ka ba ni su tare, ka san yadda za ka yi.

Ran Litinin da safe suka bar Justin a shagon Madam Hephzibah da biskit a hannu, don kada ya ga tafiyar. Madam Hephzibah ta bi Stella da harara, ta girgiza kai. Joanna kuwa murna take kamar ranar Kirsimeti. An sa mata jar riga da takalmi mai ƙara, a cikin keke sai waƙa take, tana nuna wa Kaka manyan motoci.

Tasha ta cika da hayaniya, 'yan kamasho na kiran Kachia, Zonkwa, Kafanchan. Dickson ya sa jakunkuna a bayan bas, Mama ta shiga ta zauna kusa da taga. Joanna ta ƙi zama a cinya, ta haye kujerar da ke gefen Kaka, ta matsa ta bar ɗan wuri kusa da ita, ta ɗora tafin hannu a kai. Stella na tsaye a waje ta rungume hannuwa, tana cije leɓe. Dickson ya matso ya tsaya kusa da ita, bai yi ƙarfin halin taɓa ta ba.

Wani mutum mai ƙaton ciki ya shigo da jakarsa zai zauna.

"A'a," in ji Joanna, ta tura masa gwiwa da hannu biyu. "Wurin Jati ne."

Haka take kiran Justin. Mutumin ya yi dariya, ya ce, "Wane ne Jati kuma?" Kwandasta ya leƙo. "Mama, ɗauki yarinyar nan a cinya, mota ta cika."

Mama ta sunkuya ta yi wa Joanna magana a hankali, ta ce Jati ba zai zo ba, ita da Kaka ne kawai za su je su ga akuya. Joanna ta dube ta kamar ba ta ji da kyau ba. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe tsaye a kan kujera, ta riƙe kafaɗar Kaka, ta leƙa ta taga tana duba cikin mutane, ta wuce fuskar uwarta, ta wuce ta ubanta.

"Jati," ta kira. "Jati, zo. Mota zai tafi."

Direba ya tayar da mota. Joanna ta ƙara ɗaga murya, tana bubbuga ɗan wurin da ta ajiye masa. "Jati, zo mana."

Stella ta juya baya. Ta ji motar ta fara motsi. Sai kuma ta ji ana dukan jikin bas da ƙarfi, da muryar Mama a sama da ta kowa.

"Direba, tsaya! Ku sauke mini kayana."

"Haba Mama, mun riga mun tashi," in ji kwandasta.

"Na ce ka sauke. Ko kai ka haife ni?"

Ta sauko da Joanna a hannu, ta zo har gaban Stella ta miƙa mata ita. Stella ta rungume 'yarta ta fashe da kuka, Joanna na shafa mata fuska tana tambaya ina Jati. Mama ta zauna a kan buhun wani mai doya, ta share ido da bakin zani.

"Ina kamar shekarunta aka ɗauke ni aka kai ni wurin gwaggona a Zonkwa," ta ce. "Ina da ƙanwa, ciki ɗaya muka fito. Har ta mutu ni da ita gaisuwar baƙi muke yi. Na daɗe ban tuna ba, sai da yarinyar nan ta kira ɗan'uwanta." Ta ɗago ta dubi Stella. "Da kin yi mini tsiwa, ɗiyata, da na tafi da ita ko don in nuna miki ni ce babba, ko ta yi kuka har Kafanchan ba zan ji ba. Da kika yi shiru ne kunnena ya buɗe."

Stella ta durƙusa a nan cikin tasha, Joanna na saɓe a kafaɗarta. "Mama, to ni ma ina da roƙo. Kada ki koma yau. Ki zauna da mu har Kirsimeti, mu tafi gida gaba ɗaya. Duk rani in babu aikin gona, ɗakinmu naki ne, ki koya musu yare da bakinki. In an yi hutu kuma zan kawo miki su, su biyu, su cika miki gida har ki gaji ki kore su."

"Akuyoyina fa?"

"Zan kira maƙwabta su duba su," in ji Dickson da sauri.

Mama ta harare shi. "Kai ka yi shiru. Namijin da ke gaya wa uwarsa magana ɗaya, ya ɓoye wa matarsa, shi ke haɗa mata biyu faɗa. Ka ba ta haƙuri a gabana."

Dickson ya dubi Stella, idanunsa sun yi ja. "Stel, na yi kuskure. Daga yau ko maganar ta fi wuta zafi, ke za ki fara ji."

Stella ta miƙe tsaye. Sannan ta miƙa masa Joanna. "Riƙe ta, Dee. Hannuna ya gaji."

Da ya ji sunan, sai da ya sauke ajiyar zuciya.

Keke ɗaya suka cika, kaya a cinya, Mama na yi wa mai keken faɗa ya rage gudu. Tun daga kan layi suka hango Justin zaune a dakalin shago, fuska duk majina da hawaye, Madam Hephzibah na lallashinsa da alewa ya ƙi karɓa. Keke bai gama tsayawa ba Joanna ta fara ihun sunansa. Ya taso a guje, suka yi karo suka faɗi tare a ƙasa suna dariya. Ba a jima ba ya fizge mata ribon ɗin kai, ta cije shi a hannu, kuka ya tashi daga ɓangare biyu.

"Kin ga abin da kika roƙa ko?" in ji Mama, ta ɗaure zani ta nufe su.

Madam Hephzibah ta matso kusa da Stella, ta rage murya. "Me kika yi mata ta fasa?"

"Ban yi komai ba," in ji Stella. "Gaskiyata na faɗa mata, na bar sauran ga Ubangiji."

Haka Mama Regina ta zama 'yar Sabon Tasha ta rani. Ta koyi tsallaka titi, ta shiga zumuntar mata ta cocinsu, ta shuka yakuwa a tsohon bokiti a bayan gida. Stella ta fara aikinta hankali kwance, in ta dawo ta tarar da yara na gaishe ta da yaren gida.

Gida ba ya rasa ranar da son uwa da son mata za su ja namiji gefe biyu. Wanda ya ɓoye gaskiya don gudun ɓacin rai, ɓacin ran yake tara wa kansa. Wadda kuma ta faɗi abin da ke ranta cikin ladabi, ta haƙura ta jira, sau da yawa takan sami abin da faɗa ba zai taɓa ba ta ba: ga 'ya'yanta a gabanta, ga mijinta, ga kuma albarkar uwar mijinta a kanta.